Ginin da Aka Auna Rana da Shi: Gidan Nazarin Taurari na Samarkand

  Ko kana shago, ko kana kan hanya, ko kina tsakar gida kina aiki da rediyo a gefe, a matso kusa. Yau tafiyarmu mai nisa ce. Za mu je Samarkand, wani tsohon birni a ƙasar Uzbekistan ta yau, can tsakiyar nahiyar Asiya. Yankin su Imamu Buhari ke nan. Kabarinsa ma yana wani ƙauye ne da ba shi da nisa da birnin.

Abin da zai kai mu shi ne wani gini da aka yi shekara ɗari shida da suka wuce, domin nazarin rana da wata da taurari. Ku riƙe wannan tun daga yanzu: babu madubin hangen nesa ko ɗaya a cikinsa. Ba a ƙirƙiro shi ba tukuna. Ginin da kansa shi ne na'urar awo. Zan maimaita, domin nan ne gindin maganar. Ginin da kansa shi ne na'urar.

Za mu fara da mai ginin. Sannan mu shiga ciki, kuma za mu daɗe a can. Daga baya mu ji abin da ya sami ginin da mai shi.

To, wane ne mai ginin?

Sunansa na yanka Muhammad Taragai, amma laƙabinsa ya danne sunan. Ulug Beg ake ce masa, wato babban basarake. An haife shi a shekarar 1394. Kakansa shi ne Taimur, mayaƙin nan da ya ci ƙasashe tun daga Indiya har ƙasar Sham. Taimur ya rasu a 1405. Bayan ƙura ta lafa, ɗansa Shah Ruk ya riƙe daular daga birnin Hirat, wanda ke Afganistan a yau. A 1409 ya danƙa wa ɗansa Ulug Beg mulkin Samarkand. Yaron yana da shekara goma sha biyar a lokacin.

Kakan da takobi aka san shi. Jikan kuwa lissafi ne ya shiga ransa. Tsakanin 1417 da 1420 ya gina babbar makaranta a dandalin Registan, tsakiyar birnin, kuma tana nan tsaye har yau. Ya tara malamai daga nesa. Akwai Kadi Zada Rumi, mutumin Bursa ta ƙasar Turkiyya, wanda shi ne malaminsa. Akwai Jamshid Alkashi, mutumin Kashan ta ƙasar Iran, gwanin lissafi na gaske. Akwai kuma wani matashi, Ali Kushji, ɗan mai kula da shahunan farautar fada.

Alkashi ya riƙa rubuta wa mahaifinsa wasiƙu daga Samarkand, kuma Allah Ya sa wasiƙun ba su ɓata ba. A cikinsu ne muka ji cewa basaraken ya haddace mafi yawan Alƙur'ani. Muka ji yana zuwa zaman darasi da kansa, yana ja da malamai a kan mas'ala. Muka ji wata rana yana bisa doki ya lissafa wurin da rana take a falaki, da ka, ba takarda ba alƙalami. Wasiƙar bafade ce, kuma bafade ba ya rage wa ubangidansa yabo. Amma aikin da aka bari ya nuna cewa ba yabon banza ba ne.

Wani zai ce, me ya haɗa sarki da taurari? Dalilan suna da yawa. Lokutan salla da tafiyar rana ake sanin su. Alƙibla da lissafi ake fitar da ita. Kalanda ma haka. Sannan mu faɗi gaskiya, sarakunan wancan zamani suna ajiye masu duban taurari a fada, su ma suna buƙatar jadawali. Matsalar ita ce, jadawalin da ke hannu ya tsufa. An yi shi ne a gidan nazarin taurari na Maraga, a ƙasar Iran, wanda Nasiruddin Tusi ya kafa a 1259. Idan an lissafa da littafin, sannan aka ɗaga kai sama, sai a ga abin bai zo daidai ba. Ulug Beg ya taɓa ganin kufan Maraga yana yaro. Da ya girma sai ya ce ba gyaran tsohon littafi za a yi ba. A sake awon daga tushe.

Masu sauraro, wannan shi ne mai ginin. Yanzu mu shiga ciki.

An gina shi a cikin shekarun 1420, aka kammala wajen 1429. Wurin wani tudu ne mai dutse a arewa maso gabashin birnin. Ginin zagayayye ne, hawa uku. Faɗinsa daga gefe zuwa gefe ya kai wajen mita 46. Tsayinsa kuwa wajen mita 30. Da jan bulo aka yi shi, aka yi masa ado da tayil masu ƙyalli, irin adon da aka san gine-ginen Samarkand da shi. Wani marubucin tarihi na zamanin, Abdurrazak Samarkandi, ya ba da labarin cewa an yi zane-zane a ciki: falakan sama, da taurari masu tafiya, da tsayayyu, da surar ƙasa da duwatsunta da tekunanta da hamadarta.

Amma ado ba shi ne abin kallon ba. Abin kallon shi ne abin da ya raba ginin gida biyu.

Ku ɗauka kun tsaya a tsakiyar ginin. A gabanku akwai dogon rami, an sare shi cikin dutsen tudun. Faɗinsa wajen mita biyu. Zurfinsa a wuri mafi zurfi wajen mita goma sha ɗaya. Ramin ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa, sak, ba karkata. A cikinsa an gina 'yan katangu biyu, kafaɗa da kafaɗa, tazarar da ke tsakaninsu rabin mita ce. An shimfiɗa musu dutsen marmara a kai. Katangun nan ba miƙaƙƙu ba ne. Sun lanƙwasa kamar baka. Sun faro daga ƙasan ramin, suna hawa a hankali, suka fito doron ƙasa, suka ci gaba da hawa a cikin ginin ta wajen arewa. A tsakaninsu da gefensu akwai matakala, domin mai awo ya hau ya sauka.

Wannan baka wani yanki ne na wata ƙatuwar da'ira. Daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta, mita 40 ne da 'yan kai. Sunan na'urar Sudusin Fahri. Sudusi dai kun san shi a rabon gado, kashi ɗaya cikin shida. A nan, kashi ɗaya cikin shida na da'ira ake nufi. Fahri kuwa daga sunan wani sarki ne, Fahruddaula, wanda a zamaninsa wani masani mai suna Alhujandi ya gina irin wannan na'ura kusa da birnin Rayyu a shekarar 994. Ta Samarkand ta ninka waccan girma.

To yaya take aiki? A nan ina so kowa ya tuna ɗakin da kwanon rufinsa ya huje.

Kun san yadda abin yake. Da rana tsaka, ɗakin da ɗan duhu, sai ga wani zaren haske ya sauko ta hujin ƙusa. Ya faɗi a kan tabarma, ɗan zagaye kamar kwabo. In ka zauna kana kallonsa, za ka ga yana tafiya. Da safe yana wajen yamma. Da la'asar ya koma gabas. In kuwa ka sa alli ka yi masa alama kullum daidai zawali, bayan wata biyu za ka ga alamar ta gusa. Da sanyin hunturu tana wani wuri, da bazara tana wani wuri. Hujin bai motsa ba. Ɗakin bai motsa ba. Tsayin rana a sama ne yake canjawa.

Abin da aka yi a Samarkand ke nan, sai dai da gangan aka yi shi, kuma da ƙwarewa. A can saman ginin ta wajen kudu, daidai tsakiyar da'irar nan, akwai kafa. Idan rana ta zo zawali, haskenta zai shigo ta kafar ya sauka a kan bakan marmara. Mai awo ya duba inda ya sauka, ya karanta lambar da ke wurin, ya rubuta. A jikin marmarar akwai 'yan kwaruruka da aka sassaƙa, waɗanda masana suke ganin ta kansu ake tura wata 'yar na'urar dubawa sama da ƙasa. Lambobin kuwa da haruffan Larabci aka sassaƙa su, bisa lissafin abajada. Malamanmu na zaure da suke rubuta shekara da ramzi, da za su gan su, da sun karanta ba tare da tafinta ba.

Me ya sa dole ramin ya miƙe daga kudu zuwa arewa? Domin a kan wannan layi rana take kaiwa ƙololuwarta kowace rana. Shi ne lokacin da inuwa ta gama raguwa, kafin ta fara komawa gabas, lokacin da ladan yake jira domin kiran sallar Azahar. In layin ya karkace ko kaɗan, duk awon ya lalace.

A nan ƙasar Hausa, rana takan zo tsakar ka sau biyu a shekara, har mutum ya taka inuwarsa. A Samarkand ba ta taɓa yin haka. Birnin ya yi arewa sosai, yana kan digiri 39 da 'yan kai, alhali Kano tana kan 12. Saboda haka kullum da zawali ranarsu tana wajen kudu. A tsakiyar lokacin zafinsu, cikin watan Yuni, takan ɗaga har wajen digiri 74, sai hasken ya gangara can ƙasan ramin. A tsakiyar sanyi, cikin watan Disamba, ba ta wuce wajen digiri 27, sai hasken ya haura can saman bakan.

Mu yi ɗan lissafi tare. Cire 27 daga 74. Saura 47. Raba 47 gida biyu. Ka sami 23 da rabi. Wannan 23 da rabi shi ne gwargwadon yadda duniyarmu ta jirkice a kan hanyarta, kuma shi ne yake kawo sauyin zafi da sanyi a shekara. Mu mun yi shi ne a gurguje. Su kuwa da suka yi shi a tsanake, sun sami digiri 23 da minti 30 da sakan 17. Kuskurensu bai kai minti ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri ɗaya.

Yanzu ga tambayar da na fi so. Me ya sa sai an yi ƙaton gini haka? Ba ga usturlabi ba, 'yar na'urar tagulla da ake riƙewa a hannu?

Amsar tana cikin girman. Da'ira, babba ko ƙarama, digiri 360 take da shi. A kan na'urar hannu mai faɗin taƙi guda, digiri ɗaya bai kai milimita biyu ba. Ina za ka sami wurin da za ka sake raba shi gida sittin? Ido ba zai gani ba. Hannun maƙeri ma ba zai iya tsaga layin ba. Amma a kan bakan Samarkand, digiri ɗaya santimita 70 ne. Ku ji da kyau, santimita 70, taku guda na babban mutum. Raba shi gida sittin, kowane kashi ya ɗan zarce santimita ɗaya. Wannan ido yana gani sarai. Tun da ba su da gilashin da zai ƙara wa ido ƙarfi, sai suka ƙara wa ma'aunin girma.

Shiga cikin dutsen ma da dalili. Da a doron ƙasa aka ɗora bakan gaba ɗaya, da sai ginin ya ƙara tsawo ƙwarai, kuma dogon gini yana iya nitsewa ko ya karkace. Yankin kuma ana girgizar ƙasa. Abin da aka kafa cikin dutse ya fi zama daram. A ganina, a nan gwanintar maginan take, fiye da tayil da zanen bango. Magini da mai lissafi sun zama abu ɗaya, domin kuskuren magini na faɗin yatsa zai koma kuskure a cikin littafin falaki. Ba mamaki da Alkashi, a littafinsa na lissafi mai suna Miftahul Hisab wanda ya kammala a 1427, ya ware sashe guda kan yadda ake auna ƙubba da bakan gini.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama tashar, muna birnin Samarkand ne, a gidan nazarin taurari na Ulug Beg. Mun ce ginin da kansa shi ne na'urar awo. Yanzu sai mu ga abin da aka samu daga gare shi.

An samu littafi. Sunansa Zij Sulɗani. Zij shi ne kundin jadawalin falaki. Da Farisanci aka rubuta shi, kuma an tsayar da lissafin taurarinsa a kan shekarar 841 ta Hijira, wato 1437. Alkashi bai ga ƙarshensa ba, ya rasu a 1429. Kadi Zada ma ya rasu kafin a gama. Ali Kushji ne ya tsaya da Ulug Beg har aka kai aikin gaci.

A cikin littafin akwai jerin taurari 1018, kowanne da matsayinsa a sama. Babban bakan nan aikinsa ya fi ƙarfi a kan rana. Taurarin kuwa akwai wasu na'urori na tagulla da aka yi amfani da su. Kafin wannan aiki, yawancin malamai kwafo jerin Baɗlaimus suke yi, masanin Iskandariyya da ya rayu fiye da shekara dubu kafin su, su ɗan yi masa gyaran lissafi. Mutanen Samarkand sun sake auna taurarin da idonsu. Guda 27 ne kawai suka ɗauko daga littafin wani masani, Abdurrahman Assufi, kuma sun faɗi dalili: taurarin kudu ne, ba sa leƙowa a samaniyar Samarkand. Ku ɗauki tauraron Suhail. Mutumin Kano ko Damagaram zai fita tsakar gida da daren hunturu ya gan shi a kudu yana walƙiya. Ulug Beg da duk ƙaton gininsa ba zai taɓa ganinsa daga kan tudun nan ba.

Sun kuma auna tsawon shekara, wato lokacin da rana take ɗauka kafin ta komo gurbinta a tsakanin taurari. Suka sami kwana 365 da awa 6 da minti 10 da sakan 8. Na'urorin zamani sun ce kwana 365 da awa 6 da minti 9 da wajen sakan 10. Bambancin bai cika minti ɗaya ba. A shekara guda cur, bai cika minti ɗaya ba.

To, mu zo ga ƙarshen mai ginin. Labarin ba daɗi.

Ulug Beg gwani ne a lissafi, amma ba gwani ba ne a yaƙi ko riƙon dangi. Mahaifinsa ya rasu a 1447, gidan sarauta ya kacame da rigimar gado. Ɗansa na cikinsa, Abdullaɗif, ya yi masa tawaye, ya ci shi da yaƙi. Ulug Beg ya miƙa wuya, ya nemi a bar shi ya tafi aikin Hajji. Aka ce ya tafi. Bai yi nisa da Samarkand ba aka tsayar da shi, wani mai neman fansar jinin mahaifinsa ya sare masa kai. Wannan a watan Oktoba na 1449 ne. Ɗan ma bai more ba, bayan wata shida shi ma aka kashe shi. An binne Ulug Beg a hubbaren Gur Amir, kusa da kakansa. A 1941 masana na Tarayyar Sobiyet suka buɗe kabarin, suka ga alamar saran a ƙashin wuyansa.

Za ku ji ana cewa wai da mutuwarsa aka far wa ginin aka rushe shi nan take. A yi hattara da wannan zance. Babur, wanda ya kafa daular Mugal a Indiya, ya shiga Samarkand a 1497, kusan shekara hamsin bayan kisan. A littafin tarihin rayuwarsa ya ambaci ginin, har ya ce hawa uku ne. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, mai biyan malamai ya tafi, malamai suka watse, gini ya zama kango. Daga nan masu neman bulo suka riƙa ɗiba, har ya baje. Ƙasa ta rufe ramin. Aka wayi gari mutanen birnin ba su iya nuna inda yake.

Littafin kuwa ya yi ƙafa. Ali Kushji ya bar Samarkand, ya bi ta Tabriz, ya ƙare a Santambul wajen Sarki Muhammadu Alfatih, ya koyar a can har ya rasu a 1474. Marubuta suka yi ta kwafar Zij ɗin, aka fassara shi zuwa Larabci da Turkanci. A 1665 wani malami a Oksfod ta Ingila, Thomas Hyde, ya buga jerin taurarin da fassarar Latin. Yau akwai wani rami a doron wata da aka sa wa sunan Ulug Beg.

Yadda aka gano wurin kuwa, takardar waƙafi ce ta yi aikin. Wani ɗan ƙasar Rasha mai binciken kayan tarihi, Vasili Viyatkin, yana karanta tsofaffin takardun filaye, sai ya ci karo da wata da ta kwatanta iyakar wani fili da tudun da ake kira tudun awon taurari. Ya bi kwatancen. A 1908 ya fara haƙa, sai ga marmara, sai ga matakala, sai ga lambobin abajada. Yankin bakan da ke cikin dutse yana nan lafiya, shi ne abin da masu ɗibar bulo ba su kai gare shi ba. Da Viyatkin ya rasu a 1932, a kan tudun aka binne shi. Haƙan da aka sake yi a 1948 ya fito da harsashin ginin gaba ɗaya, daga nan aka tabbatar da zagayensa da faɗinsa.

Wanda ya je yau zai tarar an yi wa ramin rufi domin kare shi daga ruwa da ƙanƙara. Zai leƙa ta ƙofa ya ga katangun nan biyu sun gangara ƙasa. A waje an zagaye sawun harsashin, a gefe kuma akwai gidan adana kayan tarihi. Tun 2001 hukumar UNESCO ta sa Samarkand cikin wuraren tarihi na duniya, har da wannan tudu.

Dabarar nan ta gina na'ura da bulo da dutse ba ta tsaya a Samarkand ba. Bayan kusan shekara ɗari uku, wani basarake a Indiya, Jai Singh na Biyu, ya nazarci jadawalin Ulug Beg, ya gina nasa manyan ma'aunai a Delhi da Jaipur. Shi kuma ya yi nasa ne a lokacin da madubin hangen nesa ya riga ya shekara ɗari a duniya. Me ya sa ya zaɓi dutse alhali ga gilashi? Wannan ita ce tambayar da za mu ɗauka a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.